Wata Biyu a Ma'aikatar Shari'a

Malam Edita ya aiko mini da takarda yana cewa, tun da yake ni tsohon ɗalibin wannan makaranta ne, ga shi kuma yanzu ina shekara ta huɗu a fannin koyon aikin lauya a jami'a, ya kamata in rubuto wa ƙannena wani abu game da wannan karatu. Na daɗe ina tunanin ta inda zan ɓullo wa al'amarin. Daga bisani na ga babu abin da ya fi in ba ku labarin wata biyun da na yi a Ma'aikatar Shari'a ta jiharmu a dogon hutun da ya wuce, domin a can ne na fara gane ma'anar abin da aka yi shekara uku ana karanta mana a aji. Gani ya kori ji.

Da farko bari in bayyana muku ko mece ce wannan ma'aikata, don na san da yawanku in an ce lauya, ba ku tuna kowa sai mutumin nan mai baƙar riga da farar hular gashi, wanda ake biya kuɗi ya kare wanda ake tuhuma. To, ita ma gwamnati tana da nata lauyoyin, albashi suke ci kamar sauran ma'aikata, kuma ofishinsu shi ne Ma'aikatar Shari'a. Shugabansu shi ne Antoni-Janar, wanda har ila yau shi ne Kwamishinan Shari'a. Sashe na 195 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce ba a naɗa mutum wannan muƙami a jiha sai ya shekara goma, ko fiye, da zama lauya. A ƙarƙashinsa akwai Babban Sakatare, shi ma lauya ne, sa'an nan daraktocin sassa.

Akwai sashen tsara dokoki, inda ake rubuta dokar da gwamnati ke so ta kai gaban Majalisar Jiha. Kwana uku kacal na yi a can, amma na ga manyan lauyoyi biyu sun shafe rabin yini suna gardama a kan kalma ɗaya tak, watau ko dokar za ta ce wajibi ne jami'i ya yi abu kaza, ko kuwa yana iya yi in ya ga dama. Akwai kuma sashen da ke tsaya wa gwamnati in an kai ta ƙara. Galibin abin da na gani a wurin rigimar fili ce da ta kwangila da ta kuɗin sallama, musamman filin da gwamnati ta karɓe don aikin jama'a bisa Dokar Filaye ta 1978, mai shi kuma ya ce diyyar ba ta isa ba. Sashen da na fi daɗewa a cikinsa kuwa shi ne na gabatar da ƙararrakin laifi, wanda ake kiran daraktansa DPP a taƙaice.

Kada wani ya raina wannan aiki don ya ji an ce albashi ne. Muhammadu Bello na Katsina, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, lauyan gwamnatin Jihar Arewa ne da farko, har ya riƙe muƙamin DPP. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, da ya riƙe kujerar daga 1995 zuwa 2006, shi ma daga nan ya taso. Ƙannena mata kuma su sani cewa Aloma Maryam Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa ta fara aiki a 1967, ita ce kuma mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan ƙasar nan, a 2012.

Ranar da na fara zuwa na sha farar riga da baƙin wando, ina tsammanin kotu za a wuce da ni kai tsaye. Sai aka miƙa ni ga wani dattijon akawu a ɗakin ajiye fayil, wanda kowa ke kira Baba. Mako guda cur ba abin da na yi sai buga hatimin kwanan wata a kan takardun da suka shigo, da shigar da lambobinsu cikin wani ƙaton littafi, da kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Raina ya ɓaci, har na ce masa, "Baba, ni fa aikin lauya na zo koya, ba na masinja ba." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, duk fayil ɗin da ya ɓata a ɗakin nan, mutum ne ya ɓata a kurkuku. Ci gaba da rubutu." A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba.

A mako na biyu aka haɗa ni da wata babbar lauya, wadda muke kira Hajiya, na riƙa ɗaukar mata fayil zuwa Babbar Kotu. Ɗalibi ba ya magana a gaban Joji, ko da ya haddace littattafan duniya, sai ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi an rantsar da shi, an kuma rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Saboda haka a baya nake zama da littafina ina rubuta abin da ke gudana. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan ɗage shari'a. Yau shaida bai zo ba don ba shi da kuɗin mota, gobe an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, jibi motar gidan gyaran hali (abin da aka sani da gidan yari kafin dokar 2019 ta sake masa suna) ba ta kawo waɗanda ake tuhuma ba. A kotun da na riƙa zuwa kuma, Joji da hannunsa yake rubuta duk abin da shaida ya faɗa, don haka lauya yakan yi tambaya ya dakata, yana kallon alƙalamin Mai Shari'a, sai ya tsaya kana ya ci gaba. Babu ihu, babu buga tebur irin na wasan kwaikwayo.

Amma ainihin aikin wannan sashe ba a kotu ake fara shi ba, a kan tebur ne, shi nake so in tsaya in bayyana muku sosai, domin ko a jami'a ba a cika yi mana bayaninsa ba.

In 'yan sanda suka kama mutum bisa babban laifi, kamar kisan kai ko fashi da makami, sukan kai shi gaban Majistare. Majistare kuwa ba shi da ikon yin irin wannan shari'a, ta Babbar Kotu ce. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya ba da umurnin a tsare mutumin, sa'an nan a aika da fayil ɗin binciken 'yan sanda zuwa Ma'aikatar Shari'a. A nan ne lauyan gwamnati zai karanta, ya rubuta abin da ake kira shawarar shari'a. In ya ga akwai hujjar da ta isa mutum ya amsa tuhuma, sai a shigar da ƙara a Babbar Kotu. In ya ga babu, sai ya rubuta haka, a sanar da 'yan sanda da Majistare, a saki mutumin. Wannan iko daga sashe na 211 na Tsarin Mulki yake, wanda ya ba Antoni-Janar na jiha damar shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin a yanke hukunci, da sharaɗin ya lura da amfanin jama'a da adalci, ya kuma hana a yi wasa da kotu. Laifin da hukuncinsa kisa ne ba a cika samun belinsa ba, sai Jojin Babbar Kotu ne ke iya bayarwa, shi ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Kun ga ke nan muddin wannan takarda ba ta fito ba, mutum yana nan a tsare, ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma sallame shi ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ba Antoni-Janar kwana 14 daga ranar da fayil ya iso masa ya fitar da shawara, jihohi kuma suka yi irin tasu dokar, alal misali Kaduna a 2017, Kano a 2019. Duk da haka, a ƙididdigar da hukumar gidajen gyaran hali ta riƙa fitarwa a 'yan shekarun nan, wajen mutum biyu cikin kowane uku da ke tsare jiran shari'a suke yi.

Wata rana da safe Hajiya ta turo mini wani fayil mai kauri, ta ce in karanta in gwada rubuta shawara, ita za ta duba. Ba zan faɗi suna ko gari ba, don sharaɗin farko da aka gindaya mana shi ne abin da muka gani a fayil ya tsaya a ofis. Maganar fashin babur ce. An tare wani ɗan acaɓa da dare, aka sare shi da adda a kafaɗa, aka gudu da babur ɗinsa. An kama mutum uku, sun kuma yi wata 11 a tsare, don fayil ɗin bai iso ma'aikatar ba sai a makon da na fara aiki.

A saman fayil ɗin akwai rahoton ɗan sandan da ya yi bincike, shafi biyu, an buga shi tsaf da kwamfuta, yana cewa dukansu uku sun haɗa baki sun yi fashin. Sauran takardun kuwa rubutun hannu ne, wani ma da ƙyar yake karantuwa. Na karanta rahoton nan, na ɗan leƙa sauran, na zauna na rubuta shafi huɗu. Na kawo sassan doka, na kawo shari'un Kotun Ƙoli da muka haddace don jarrabawa, na ƙare da cewa a gurfanar da su duka. Kafin azahar na kai mata ina jin kaina.

Ta karanta ba ta ce komai ba. Can ta ɗago ta ce, "Ɗana, Turancinka ya yi kyau. Mutum nawa mai babur ya ce sun tare shi?"

Na ce, "Uku ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "A wane shafi ya faɗi haka?"

Na shiga juya takardu, gumi yana keto mini. Mai babur mutum biyu ya ce.

Ta sa na ɗauko farar takarda, na ja layi na raba ta gida uku, kowane mutum da gidansa. Ta tuna mini abin da na riga na sani amma ban yi aiki da shi ba, watau abubuwa uku da Kotun Ƙoli ta sha nanatawa cewa sai an tabbatar da su a shari'ar fashi da makami: an yi fashi, an yi shi da makami, kuma wanda ake tuhuma yana cikin waɗanda suka yi. Ta ce a ƙarƙashin kowane suna in rubuta wane shaida ne zai tashi a kotu ya faɗi me, kuma a wane shafi na gan shi. Rahoton mai bincike, in ji ta, ra'ayinsa ne, ba ya wurin da aka yi abin.

Kwana biyu na yi a kan wannan aiki. Gidan mutum na farko ya cika: a hannunsa aka sami babur ɗin, mai shi kuma ya nuna shi a cikin jerin mutane. Na biyu ya amsa laifi a bayaninsa, akwai kuma wanda ya gan su tare a kan babur ɗin washegari. Ko a nan ma Hajiya ta sa na rubuta gargaɗi, cewa Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar azabtarwa, don haka a nemi sanin yadda aka ɗauki bayanin, da ko akwai lauya a wurin. Gidan na uku kuwa, wani bakanike mai gyaran babur, abu biyu ne kawai a ciki. Ɗaya, na farko ya ambaci sunansa a matsayin abokinsa. Wannan ba ya cin mutum, don ko amsa laifi wani ya yi, doka ta ce kansa kaɗai ya ɗaure, ba wanda ya ambata ba, sai fa in shi wancan ya yarda da maganar. Na biyu, a fassarar Turanci ta bayanin bakaniken an rubuta cewa yana tare da na farko a ranar.

Sai na koma ga asalin bayanin, wanda aka ɗauka da Hausa, aka maƙala shi can ƙarshen fayil. Abin da mutumin ya ce shi ne suna tare a wurin aikinsa har la'asar, daga nan ya rufe ya tafi ƙauyensu wajen sunan ɗan wansa, a can ya kwana. Har sunan ƙauyen ya faɗa da na mai gidan. Mai fassara ya ɗauki rabin farko ya bar sauran. Fashin kuwa bayan sallar isha aka yi shi. A doka, in wanda ake zargi ya faɗa tun da wuri cewa yana wani wuri dabam, ya kuma ba da bayanin da za a iya bi, wajibi ne 'yan sanda su je su bincika. Babu ko layi ɗaya a fayil ɗin da ya nuna wani ya taka zuwa ƙauyen nan.

Ban ce mai fassarar mugunta ya yi ba. Mai yiwuwa gajiya ce, ko ƙarancin Turanci, ko gaggawa. Ni ma da na zo daga jami'a ai gaggawar ce ta sa na nemi a gurfanar da mutum bisa laifin da hukuncinsa kisa ne, ba tare da na karanta abin da ya faɗa da bakinsa ba. Na sake rubuta shawarar, ta dawo shafi biyu. Hajiya ta gyara ta da jan biro har sau uku, kana ta kai wa Darakta. Sunana ba ya ciki, kuma haka ya kamata.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da masu wasa da darasin Hausa, don na san halinmu, mu ma mun yi. Da Turanci ake shari'a a Babbar Kotu, amma yawancin masu ƙara da shaidu da waɗanda ake tuhuma a ƙasarmu da Hausa suke magana. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a samo masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. To, tafinta ɗan Adam ne. Na ga Hajiya ta miƙe a kotu ta ce, "Ya Mai Shari'a, ba haka shaida ya ce ba," domin an fassara "na ji an ce" kamar dai "na gani", alhali tsakanin waɗannan biyu akwai ɗaurin mutum ko sakinsa. Lauyan da ya iya karanta Hausa da kyau, ya kuma iya mayar da ita Turanci ba ragi ba ƙari, yana da makamin da wani ba shi da shi.

Ga wanda ke sha'awar wannan hanya, tun daga nan ake fara shiri. Ana bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma yawancin jami'o'i suna neman Lissafi. Karatun digiri shekara biyar ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano ana koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin da muka gada daga Ingila, da irin su Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960. Bayan digiri sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta buɗe a Legas a 1963, hedkwatarta yanzu tana Bwari kusa da Abuja, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. A can dole ne a tura kowane ɗalibi kotu da ofishin lauyoyi na wasu makonni. Nawa zuwan kuwa na ganin dama ne. Takarda na karɓa daga shugaban tsangayarmu zuwa ga Babban Sakataren ma'aikatar, na yi sawu uku kafin a amsa. Ba a biyan ko kwabo, kuɗin motata daga aljihun yayana ya fito. In kun samu kun shiga, ku yi hankali da barandar ofis. Ni kaina wani tsoho ya taɓa bi na har bakin titi, ya ɗauka ni lauya ne, yana tura mini kuɗin goro don in taimaki fayil ɗin ɗansa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma abin da na iya yi masa kawai shi ne na ƙi karɓa, na kwatanta masa ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin yana da gajiyarwa. Fayil ya fi lauyoyin yawa nesa ba kusa ba, wuta takan ɗauke ana tsakiyar buga takarda, kuma abokan karatunsu da suka buɗe ofis na kansu sukan riga su yin mota. Amma ƙaramin lauyan gwamnati yakan tsaya gaban Joji da babbar shari'a tun shekarunsa na farko, abin da takwaransa na waje zai daɗe yana ɗaukar jakar maigida kafin ya samu.

Saura kwana huɗu hutuna ya ƙare Darakta ya sa hannu a kan shawarar. Ni na shigar da ita cikin littafin Baba, ni kuma na bi masinja muka kai kofe ɗaya ofishin 'yan sanda, ɗaya kotun Majistare, na tsaya sai da aka buga mana hatimin karɓa. Ranar da aka kira maganar na roƙi Hajiya izini na je. Aka karanta cewa mutum biyu za a kai su Babbar Kotu, na ukun kuwa babu tuhumar da zai amsa. A ranar na fara ganinsa, wani siriri ne, bai fi ni shekaru da yawa ba. Tafinta ya gaya masa an sallame shi. Ya tsaya yana kallon Majistare, ya sake tambaya ko yau ɗin nan ake nufi, aka ce masa yau. A waje na ji wansa yana gaya masa cewa mai fili ya riga ya ba wani wurin da yake gyaran babur, amma kayan aikinsa suna gida an adana. Sauran biyun kuwa, har na koma makaranta ba a fara sauraron shaidu a shari'arsu ba, kuma mai babur ɗin yana ta zirga-zirga yana tambayar ranar da kotu za ta sakar masa abin hawansa.